Dani Güiza, Ɗan Ci-ranin Ƙwallo Da Ya Zama Sarkin Raga A Sifen

A ƙasar Sifen akwai wata jaridar wasanni mai suna Marca wadda ta kan ba da kyauta kowace shekara ga ɗan wasan da ya fi kowa jefa ƙwallo a raga a gasar rukuni na ɗaya. Sunan kyautar Pichichi, watau laƙabin wani tsohon ɗan wasan ƙungiyar Athletic Bilbao. Duk wanda ya duba jerin mutanen da suka karɓe ta daga shekarar 2009 zuwa 2025 ba zai ga kowa ba sai baƙi: Forlán na Urugwai, Messi na Ajantina, Ronaldo na Fotugal, Suárez, Benzema, Lewandowski, Dovbyk da Mbappé. Ɗan ƙasa na ƙarshe da ya riga su karɓa, a cikin 2008, shi ne Daniel González Güiza, wanda a ke kira Dani Güiza. Bai taɓa sa rigar Real Madrid ba, a Barcelona kuwa ƙaramar ƙungiyarsu kaɗai ya yi wa wasa, shi ma na 'yan watanni.

Güiza irin 'yan wasan nan ne da ya dace a kira su 'yan ci-ranin ƙwallo, waɗanda bana suna nan, baɗi suna can. Ya yi wa ƙungiyoyi fiye da 12 wasa a ƙasashe huɗu, cikin nahiyar Turai da Asiya da Amurka ta Kudu. A cikin shekaru sama da 20 da ya yi yana wannan yawo, kakar wasa guda ɗaya tak ce duniya ta waiwaye shi sosai. Labarinsa ya isa abin nazari ga masu sha'awar ƙwallo, domin yana nuna yadda baiwa ta kan kwanta a banza in ba ta gamu da natsuwar mai ita da kuma malamin da ya amince da shi ba, da yadda ta kan tashi nan da nan in waɗannan abubuwa suka haɗu.

Daga Jerez zuwa tsibiri

An haifi Güiza ran 17 ga watan Agusta 1980 a birnin Jerez de la Frontera, cikin lardin Cádiz da ke yankin Andalusiya a kudancin Sifen. Wannan yanki shi ne ya gaji sunan Andalus da masu karatun tarihin Musulunci suka sani, kuma kalmar Frontera da ke jikin sunan garin ma'anarta iyaka, domin a can dā garin yana bakin iyakar da ta raba ƙasar Kirista da ta Musulmi. Gwarzonsa tun yana yaro shi ne Kiko Narváez, ɗan garinsu wanda ya yi suna a Atlético Madrid. Daga wurinsa ya kwaikwayi durƙusawar nan da ya kan yi in ya ci ƙwallo, gwiwa ɗaya a ƙasa, hannuwa a miƙe kamar maharbi ya ɗana kibiya a baka.

Ya fara wasa a ƙungiyar garinsu, Xerez, kafin ƙungiyar Mallorca da ke tsibirin nan na tekun Bahar Rum ta ɗauke shi a 1999 yana da shekara 19. A nan ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin ƙwallon Sifen ya ke a wancan zamani. Akwai rukuni na ɗaya mai ƙungiyoyi 20, sai rukuni na biyu, sai wanda a ke kira Segunda B, watau hawa na uku, sa'an nan Tercera a ƙarƙashinsa. Manyan ƙungiyoyi su kan ajiye ƙaramar ƙungiya ta samari a waɗannan rukunoni na ƙasa, su kan kuma ba da aron yaron da ba su da gurbinsa ga wata ƙungiya domin ya sami wasa. Yaro yana iya shekara uku ko huɗu yana kai da komo a cikin wannan hali, ba a sallame shi ba, ba a kuma riƙe shi ba.

Haka ta faru ga Güiza. An ba da aronsa ga Dos Hermanas, wata ƙaramar ƙungiya kusa da birnin Sevilla, ya komo ya ci gaba da wasa a ƙaramar ƙungiyar Mallorca, jefi-jefi a kan kira shi babbar. Ƙofar kuwa a cushe ta ke, gama a gabansa akwai Samuel Eto'o na Kamaru da Albert Luque. A kakar 2000/2001 mai koyar da 'yan wasan Mallorca shi ne dattijon nan Luis Aragonés, wanda ya kai ta matsayi na uku a gasar. Ya ga yaron, bai kuma manta da shi ba, ko da ya ke sai bayan shekara bakwai aka ga amfanin wannan sani.

Jaridun Sifen sun sha rubuta cewa saurayin ya fi ƙaunar hirar dare da wuraren shaƙatawa a kan sammakon zuwa filin motsa jiki, shi kansa ma bai ɓoye haka ba a hirarrakin da aka yi da shi daga baya. A kakar 2002/2003 aka ba da aronsa ga Recreativo ta birnin Huelva. Bai yi wasan kirki ba, kafin kakar ta ƙare ya tsinci kansa a ƙaramar ƙungiyar Barcelona, a hawa na uku. Abin takaicin shi ne, a watan Yuni 2003 ƙungiyoyi biyun da suka kara a wasan ƙarshe na Kofin Sarki su ne Mallorca, mai shi, da Recreativo, wadda ta are shi. Mallorca ta yi nasara da ci 3 da nema, Eto'o ya ci biyu. Güiza kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga ƙungiyoyin biyu a ranar.

Murcia da Getafe

Yana da shekara 23 Mallorca ta rabu da shi. Ya koma Ciudad de Murcia, wata sabuwar ƙungiya da aka kafa a 1999, wadda ta hau rukuni na biyu. A nan ne aka fara ba shi wasa kowane mako ba tare da fargabar komawa benci ba. Cikin kaka biyu ya ci ƙwallaye fiye da 30, abin da ya sa manyan ƙungiyoyi suka sake tunawa da shi.

Wadda ta ɗauke shi a 2005 ita ce Getafe, ƙungiyar wani gari na ma'aikata da ke kudancin Madrid, wadda sai a 2004 ta fara hawa rukuni na ɗaya a tarihinta. Mai koyarwarta Bernd Schuster ne, Bajamushen da ya yi wa Barcelona da Real Madrid da Atlético wasa a zamaninsa. Schuster ya gane irin kayan da ke hannunsa. Güiza ba mai yawan yanka ba ne, ba kuma ƙaton da zai tsaya yana kokawa da 'yan baya ba. Gwanintarsa ita ce ya laɓe daidai kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, a bakin satar gida, da zarar an zura ƙwallo ya sulale, in mai tsaron gida ya fito ya ɗaga masa ita ta bisa kai. Irin wannan ɗan wasa yana bukatar mai ba shi ƙwallo a kan kari, yana kuma bukatar malami mai haƙuri, domin ya kan ɓarar da dama kafin ya ci ɗaya. A kaka biyu ya ci wa Getafe ƙwallaye 20 a gasar rukuni.

Abin da mutanen Getafe ba za su manta da shi ba ya auku ne a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Sarki a 2007. A karon farko, cikin watan Afrilu, Barcelona ta lallasa su da ci 5 da 2 a filinta na Camp Nou. A daren ne Lionel Messi ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya yanke 'yan wasan Getafe ɗaya bayan ɗaya har da mai tsaron gida, ƙwallon da har gobe a ke kwatanta ta da wadda Maradona ya ci Ingila a 1986. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, har Barcelona ba ta sa Messi a karo na biyu ba. Ran 10 ga watan Mayu Getafe ta ci 4 da nema, biyu daga ciki Güiza ne ya jefa su. Ta haka ƙaramar ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe karo na farko, inda Sevilla ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi daga ƙafar Frédéric Kanouté na ƙasar Mali.

Shekarar da kome ya daidaita

A bazarar 2007 Mallorca ta fitar da kuɗi ta sake sayen yaron da ta saki shekara huɗu da suka wuce. Mai koyarwa shi ne Gregorio Manzano, mutum mai sanyin hali wanda ya taɓa aikin malanta. A tsakiyar fili akwai Ariel Ibagaza na Ajantina, gajere mai idon ganin rata, da Juan Arango na Benezuwela. Abin da Güiza ya daɗe yana nema ke nan: masu zura masa ƙwallo, da malamin da ba zai cire shi don ya ɓarar da ɗaya ba.

Ya gama kakar 2007/2008 da ƙwallaye 27, babu ko ɗaya ta bugun fenariti a cikinsu. Wannan shi ya fi ba masana mamaki, gama yawancin waɗanda su kan ci wannan kyauta su ne masu buga wa ƙungiyoyinsu fenariti, wanda ya kan ƙara musu biyar ko shida a lissafi. Luis Fabiano na Sevilla ne ya bi masa da 24. A jerin Takalmin Zinariya na Turai duka, Cristiano Ronaldo kaɗai ne ya sha gabansa, wanda ya ci wa Manchester United 31. Mallorca ta ƙare a matsayi na bakwai, Real Madrid kuwa ta ɗauki kofin a ƙarƙashin tsohon malaminsa Schuster.

A lokacin Luis Aragonés ne ke riƙe da ƙungiyar ƙasa. Ya kira Güiza a watan Nuwamba 2007, sa'an nan ya tafi da shi gasar cin kofin Turai ta 2008 a Ostiriya da Suwizalan, gasar da ya bar Raúl na Real Madrid a gida duk da surutun jaridu. Güiza ɗan benci ne a bayan David Villa da Fernando Torres, amma ya ci Girka ƙwallon nasara dab da tashi, ya kuma shigo a wasan kusa da na ƙarshe ya ɗaga wa golan Rasha ƙwallo ta bisa kai, aka tashi 3 da nema. Ya buga mintunan ƙarshe na wasan da Sifen ta doke Jamus a birnin Vienna, ta ɗauki babban kofinta na farko tun 1964. Mutumin da shekara biyar baya ke wasa a hawa na uku ya zama zakaran Turai.

Istambul

Da gama gasar sai Aragonés ya karɓi aikin koyar da Fenerbahçe ta birnin Istambul a Turkiyya, ya kuma nemi a sayo masa Güiza. Mallorca, wadda bashi ya fara yi wa katutu, ta sayar da shi a kan kimanin Yuro miliyan 14. Ga ɗan wasan da ya kusa shekara 28, wanda ya daɗe yana karɓar albashin ƙananan ƙungiyoyi, tayin ya wuce a ƙi. Sai dai kuɗin da aka biya ya zame masa kaya a ka. Magoya bayan Fenerbahçe sun sa ran ganin ƙwallaye 27 kowace shekara, jaridun birnin kuwa suna ƙirga waɗanda ya ɓarar kamar yadda su ke ƙirga waɗanda ya ci. Ƙungiyar ta ƙare ta huɗu a kakar farko, aka sallami Aragonés, Güiza ya rasa inuwar da ya ke fakewa a ciki. A watan Yuni na 2009 ɗin ya ci Afirka ta Kudu ƙwallaye biyu cikin minti biyu a gasar Kofin Nahiyoyi, amma da aka zo gasar cin kofin duniya ta 2010, wadda Sifen ta cinye, babu sunansa. Wasanninsa a ƙungiyar ƙasa sun tsaya a 21, da ƙwallaye 6.

Rana mafi ɗaci a zamansa na Turkiyya ita ce 16 ga watan Mayu 2010, ranar rufe gasa. Fenerbahçe tana kan gaba, nasara a kan Trabzonspor a gida kawai ta ke bukata. Güiza ya fara ci, baƙin suka rama, aka yi ta kai hari babu sa'a. Dab da tashi sai aka yi shela a filin bisa kuskure cewa abokiyar takararsu Bursaspor ta yi kunnen doki da Beşiktaş. 'Yan kallo suka ɓarke da murna, 'yan wasa suka sassauta, alƙali ya busa tashi a 1 da 1. Ashe Bursaspor ta yi nasara da ci 2 da 1, kofin ya tafi birnin Bursa karo na farko a tarihi. Murna ta koma ciki, filin ya rikice.

A kakar da ta biyo baya rauni ya kwantar da shi wata da watanni, ƙungiyar ta sayo Mamadou Niang na Senegal ya hau gurbinsa. Ƙwallo ɗaya ya ci a gasar, a wasan da Fenerbahçe ta farfaɗo ta doke Bucaspor da ci 5 da 3 cikin watan Afrilu 2011, kuma ta taimaka wajen ɗaukar kofin shekarar. Jimillar abin da ya ci a gasar Turkiyya cikin kaka uku 23 ne, watau bai kai na shekara ɗaya a Mallorca ba.

Gabas da yamma

Ya komo Getafe a 2011, amma gudun dā ya ragu, ƙwallayen da ya ci ba su taka kara sun karya ba. A ƙarshen 2012 ya tafi aro jihar Johor a ƙasar Malesiya, inda yariman jihar ke zuba dukiya don gina ƙungiya. 'Yan watanni ya yi. A 2013 sai ga shi a birnin Asunción na ƙasar Faragwai, cikin rigar Cerro Porteño, ɗaya daga manyan ƙungiyoyi biyu na ƙasar. Wannan tafiya ta saɓa wa al'ada, domin abin da aka saba gani shi ne samarin Amurka ta Kudu su haye teku zuwa Sifen neman arziki. Ƙungiyar ta ci gasar rabin shekara ta biyu a 2013, ya kuma buga gasar Libertadores, watau kofin zakarun nahiyar, a 2014.

Gida a gidan abokan gaba

A watan Agusta 2015 ya sa hannu a ƙungiyar Cádiz, wadda ke fama a hawa na uku tun 2010. Tsakanin Jerez da Cádiz tafiyar da ba ta kai ta awa ɗaya a mota ba ce, amma gabar da ke tsakanin magoya bayan ƙungiyoyin garuruwan biyu tsohuwa ce. Bugu da ƙari, a shekarun ƙuruciya Güiza ya taɓa faɗin maganganu marasa daɗi game da Cádiz, mutanen garin kuwa ba su manta ba. Ran da aka gabatar da shi waɗansu suka tarbe shi da zagi, a Jerez kuma aka ce ya ci amana. Ya nemi gafara, ya shiga aiki.

Cádiz ta ƙare ta huɗu a rukuninta, da ƙyar ta sami shiga wasannin neman hawa. A ƙarƙashin sabon mai koyarwa Álvaro Cervera ta fitar da Racing ta Ferrol, ta fitar da Racing ta Santander, ya rage saura Hércules ta birnin Alicante. Cádiz ta ci wasan gida da 1 da nema. A karo na biyu, ran 26 ga watan Yuni 2016, Güiza ne ya jefa ƙwallo ɗayan da aka ci a wasan, wadda ta mai da Cádiz rukuni na biyu bayan shekara shida. Ga ƙungiya irin wannan, hawa rukuni ya wuce maganar alfahari. Kuɗin talabijin ne, albashin ma'aikata ne, wani lokaci ma shi ne ke raba ƙungiya da rushewa. Masu zaginsa a bara su ne suka ɗaga shi sama a bana. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A 2017 ya sake gangarawa, zuwa Atlético Sanluqueño ta garin Sanlúcar de Barrameda, inda kogin Guadalquivir ke shiga teku, kusa da garinsu. Ƙungiyar tana hawa na huɗu a lokacin, ya taimaka ta hau na uku a 2018, ya zauna da ita har ya haura shekara 40. Bayan nan ma bai rataye takalmi ba, ya ci gaba da wasa a ƙananan ƙungiyoyin lardin, a filayen da 'yan kallo ke iya jin muryar 'yan wasa.

Abin da yawon ya nuna

Masu sharhi a Sifen sun kasu biyu a kan Güiza. Waɗansu sun ce ya yi asarar shekarun da suka fi kowaɗanne daraja ga ɗan wasa, daga 19 zuwa 24, kuma da ya natsu da wuri da sunansa na nan tare da na Villa da Torres. Waɗansu kuma sun ce a dubi inda ya yi fice: a Murcia, a Getafe, a Mallorca, a Cádiz, duka wuraren da aka gina wasa a kansa aka kuma yi haƙuri da shi. Inda aka saye shi da tsada aka zuba masa ido, ko aka ajiye shi a matsayin kayan aro, sai ya dusashe. Dukkan maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, ba kuma sa karo da juna.

Akwai kuma abin da yawon nasa ya tona game da sana'ar kanta. Ciudad de Murcia, inda ya farfaɗo, an sayar da gurbinta a 2007 aka kwashe ta zuwa Granada, ta ɓace. Xerez, inda ya fara, ta hau rukuni na ɗaya a 2009, bashi ya durƙusar da ita, a 2013 ta faɗa can ƙasa. Mallorca ta shiga hannun masu bin bashi a 2010, shekara biyu bayan ta sayar da shi. Ɗan wasan da ke yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan sau da yawa ba son ransa ya ke bi ba, ƙasar da ya ke tsaye a kai ce ke zaftarewa. Ga kowane Messi da ya yi kusan shekara 20 a gida ɗaya, akwai ɗaruruwan da kwantiraginsu na shekara ɗaya ne ko biyu, akwatinsu kullum a ɗaure.

Yawancin waɗannan 'yan ci-rani su kan gama ba tare da an san da su a wajen lardinsu ba. Güiza ya bambanta da su da kaka ɗaya, wadda ta bar masa kyautar Pichichi da lambar zakaran Turai. Sauran shekarunsa irin nasu ne sak, kuma a cikinsu ne ya ci ƙwallayen da mutanen Getafe da na Cádiz suka fi tunawa da su.